Gidan Mutanen Yunan

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ara mini kwanaki har na zauna ina tuna waɗanda suka wuce.

Jikana ne ya tayar mini da wannan zance, bai kuma san ya yi ba. An ba su aiki a makaranta su binciko yadda mutanen dā suke zama, sai na ga ya karɓi wayar uwarsa, ya danna nan ya danna can, kafin shayina ya huce ya ce ya gama. Babu kwali, babu almakashi, babu gam a yatsa. Uwar tasa, 'yata Naja'atu, tana gefe tana ninke kaya, na tambaye ta ko ta tuna gidan da muka gina ni da ita a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ta ce tana ganin wani abu haka dishi-dishi. Sinancin ma da take zubawa kamar ruwa a lokacin ya tsere mata, sai gaisuwa da godiya. Ni kuwa da ban taɓa iya yaren ba, ban manta komai ba.

A wancan zamani ƙarfina yana nan, gashin kaina baƙi ne, kuma ina ganin babu ƙofar da ba za ta buɗe mini ba in na iya gaisuwa. Sana'ata rakiyar 'yan kasuwa. Mutum ya sauka daga Kano ko Maraɗi ko Yamai, bai san gabas ba bai san yamma ba, in kai shi kasuwar Zhanxi Lu ya zaɓi takalma, in kai shi ta Canaan ya zaɓi riguna, in tsaya a kan kayansa har a rufe kwantena. Yanzu yara suna kwance a ɗaki suke sayen kaya daga Sin, ba su taɓa jin warin roba da fata na waɗannan benaye ba, ba su san ƙarar salatif ba, wadda ake ja ana naɗe kwalaye tun safe har magariba, ƙiiit, ƙiiit, ta ko'ina, har mutum ya riƙa jin ta a cikin sallarsa. Muna zaune a unguwar Sanyuanli, a saman wani bene cikin lungun da rana ba ta sauka ƙasansa. Gidajen sun matsu da juna, in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa bangon maƙwabci, kuma kowace taga da ƙarafunanta. Maiɗakina Hindatu tana karatun haɗa magunguna a wata jami'a, takardar zamanta daban, ta Naja tana jingine da tata. Ni kaɗai nake da bizar kasuwanci, wadda ake sabuntawa a kai a kai.

Sai shekarar da ƙasar za ta karɓi wasannin Olamfik ta zo, aka ɗaure komai tamau. Abin da ake yi da sauƙi a dā ya zama sai wane da wane. Na ba wani ejan fasfona, ya yi ta cewa gobe, jibi, ranar da ya dawo mini da shi babu hatimi, kuma wa'adina ya riga ya wuce. Doka tasu ce, ƙasa tasu ce, ban ga laifin kowa ba. Amma wanda aka kama a haka, tsarewa ce da tara, sannan a sa shi a jirgi, a rufe masa ƙofa shekaru. Hindatu tana tsakiyar karatu, yarinya tana aji uku. Kowa ya ce mini in yi lamo, wasanni za su wuce, abubuwa za su saki. Na hau bene na zauna.

Ban san ɗaki yana da murya ba sai a lokacin. Da safe ina jin ƙarar ƙofofin ƙarfe na shaguna ana tura su sama, da tsohuwar da take wucewa da keke tana kiran masu tsofaffin kwalaye, da ruwan na'urar sanyaya ɗaki na maƙwabta yana ɗiga a kan kwano. Na san takun kowa a matakala. Na san na mai kawo tukunyar gas, na san na 'yan makaranta, na kuma san wani taku mai nauyi, na mutum biyu tare, wanda in na ji shi sai in tsaya cak ko da cokali ne a hannuna. Aka kwashe takalmana daga bakin ƙofa. Rigunana ba a shanya su a taga, a cikin ɗaki suke bushewa gaban fanka, suna warin damina. Ni da ban taɓa sanin inda gishiri yake a gidan mahaifiyata ba, na koyi tuƙa tuwon shinkafa, na koyi kaɗa kuka, na koyi goge ƙasa da tsumma ina tafiya da gwiwa. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya ci mini rai shi ne karatu ƙasa-ƙasa. Mu da aka koya mana mu ɗaga murya har malam ya jiyo mu daga zaure, ga ni ina raɗa da Alƙur'ani kamar mai gulma. Ranar Juma'a kuwa in yi wanka, in sa turare, in tsaya in yi azahar raka'a huɗu ni kaɗai.

Abokina Ila, Badamagare, shi ya riƙe mini baƙina a waje. In an sauko daga masallaci yakan biyo, ya ƙwanƙwasa irin yadda muka shirya, yana shigowa ya fara.

“Ina amaryar? Har yanzu ba a fito da ita daga lalle ba?”

“Ila, rage murya.”

“To, ranki ya daɗe. Wallahi Bakano kulle ya karɓe ka, ka yi fari, ka yi kumatu. Bon, to, a zubo mini tuwon in ji ko za a iya ajiye ka.”

Yana tafiya ɗakin ya ƙara ƙanƙancewa.

Hindatu ta gaya wa mutanen lungu cewa na tafi gida. Naja kuwa ba mu ce ta yi ƙarya ba. Cewa muka yi ta yi shiru, in an tambaye ta babanta ta ce a tambayi mamanta. Na riƙe wannan bambanci da hannu biyu, domin tun tana koyon magana abu ɗaya nake nanata mata: ko me ta fasa, ko me ta ɓatar, in ta faɗi gaskiya ba za a taɓa ta ba. Haka mahaifina ya yi mini, kuma duk abin da na baro a gida, wannan ne na ce sai na kawo shi ƙasar mutane.

Wata rana ta dawo daga makaranta, wata 'yar ƙaramar makaranta ce ta 'ya'yan baƙi da ake koyarwa da Turanci da Sinanci, ta jefar da jaka ta ce malamarsu ta ce tunda wasannin nan daga Girka suka samo asali, kowa zai gina gidan mutanen Girka na dā da kwali, ya koyi yadda suke zama, ranar rufe zango kuma a yi shigarsu a gaban iyaye. Hindatu ta yi dariya ta ce ashe akwai ƙasar da sunanta girki, to ga babanki nan ya zama ɗan ƙasa. Ni ban yi dariya ba. A unguwar da na tashi, in an ce an yi wa mace girka, bori ake nufi, ana rufe ta a ɗaki ana kaɗa mata garaya. Ban so kalmar a bakin 'yata ba. Da ta nuna mini taswira da hotunan ginshiƙai sai na gane su.

“Ai waɗannan Yunan ne,” na ce. “Mutanen Yunan. Suna cikin littattafan malaminmu, masu hikima da ilimin magani da lissafin taurari. A gidan nan Yunan za a riƙa cewa.”

“Malama ta ce Girka.”

“A makaranta ki bi malama. A nan ki bi ni.”

Allah Ya sani, wannan aiki ni aka kawo wa shi. Ila ya kawo mana kwalayen takalma daga Zhanxi Lu, muka baje su a ƙasa. Naja tana karanto littafin tana fassara mini, ni ina yanka. Sai na ga gidan nasu kamar na sani. Bango ya kewaye, babu taga ta waje sai 'yar ƙarama, ɗakin baƙi maza yana kusa da ƙofa kamar zaure, ga tsakar gida a buɗe, ga rijiya, ga inda ake ajiye tulunan man zaitun. Yaransu maza suna zuwa wajen malami da allon katako da aka shafe da kakin zuma, su rubuta da tsinke, su goge da gindinsa su sake. Da na ji haka na ajiye almakashi na daɗe ina ba ta labarin allona, da yadda muke dafa tawada da ƙaro, da yadda ake fiƙe alƙalamin gamba, da sanyin ruwan wanke allo a hannu da asuba. Gumakansu na ce mata mu bar musu abinsu. Da ta zo kan cewa masu tserensu tsirara suke gudu, na ce ta juya shafi. Ta karanto cewa baƙon da ya zauna a birninsu, ko ya shekara nawa, ba ya mallakar gida, kuma sai wani ɗan gari ya tsaya masa. Na ɗauki almakashi na ci gaba da yanka.

Muka zo kan bene. Littafin ya ce matan gida a sama suke zama, suna kaɗi da saƙa, ba sa zuwa kasuwa, ba sa fita sai da dalili, matar aure ma ba a barin ta ta kalli wasannin. Naja ta dube ni, ga zanin uwarta na ɗaura a ƙugu saboda wanke-wanke, ta ce, “Baba, ashe kai ne matar gidan Yunan.” Ta yi ta dariya har da kwanciya. Na taya ta, me zan yi.

Da muka gama, na ɗauko alƙalamina da 'yar kwalbar tawadar da na zo da ita daga gida, na rubuta a saman ƙofar kwalin da ajami: gidan mutanen Yunan. Na yi masa wasali da ja, na ƙawata shi. Rabon da in yi rubutun da wani zai gani a waje na manta.

Saura shiga. Malama ta aiko cewa kowane yaro ya zo da farin zanin gado, a naɗa masa a jiki ba ɗinki, a ɗaure a kafaɗa. Hindatu ta ce sam. Farin yadi ba ɗinki a jikin 'yarta, tana raye, tana tafiya? Ta ce ko a mafarki ta gani sai ta yi sadaka. Na ce ai harami ma haka yake, ta ce to in Naja za ta Makka a kira ta. Yarinya ta yi kuka ta gaji, aka bar maganar a rataye.

A bakin lungunmu akwai wani dattijo Basine Musulmi, ana ce masa Lawban Ma, lawban shi ne maigida a bakinsu. Yana sayar da taliyar shinkafa da romon naman sa, da 'yar farar hularsa da gemu tsilli-tsilli. Kafin in shiga ɗaki, ni da shi sallama ce kawai take haɗa mu, sai murmushi, sai nuni da hannu. Yana son Naja, yana ƙara mata nama. Ranar da ta kai gidan kwalinta makaranta a duba ta dawo da shi, ruwa ya tare su ita da uwarta, suka fake a shagonsa. Dattijo ya sunkuya yana kallon gidan, sai ya sa yatsa a kan rubutuna, ya bi shi daga dama zuwa hagu. Ashe a masallacin ƙauyensu ya yi karatu, ashe su ma suna rubuta yarensu da baƙaƙen Larabci kamar yadda muke yi. Kalmar gidan da ta mutanen bai gane su ba, amma ta ƙarshen, Yunan, ya karanta ta sarai, ya daki ƙirjinsa yana maimaitawa. Akwai wani lardi a can kudu maso yammacin ƙasarsu mai wannan suna, Yunnan, kuma daga can ya fito. Ya ɗauka makarantar baƙi ta sa yara su koyi zaman mutanen garinsu. Hindatu ta ce ya yi ta zuba, idonsa ya kawo ruwa, yana nuna tsakar gidan yana cewa haka nasu yake, har rijiyar. Ita Sinancinta na aji ne, ba ta bi shi duka ba. Naja kuwa ta ga ya yi murna, ta ji nauyin ta gyara masa, sai ma ta kai masa ƙarar cewa ba ta da kayan Yunan da za ta sa.

Washegari da la'asar, Hindatu tana jami'a, ni da Naja muna liƙa 'yan tuluna na takarda, tana waƙa da ƙarfi, sai na ji takun da ban sani ba. A hankali yake hawowa, yana hutawa. Ya tsaya a ƙofarmu. Aka ƙwanƙwasa, aka yi sallama, aka kira sunanta.

Lawban Ma ne, kuma ya riga ya ji muryarta. Na yi mata nuni ta buɗe, na shige banɗaki na ja ƙofa, na tsaya a bayanta da gam a yatsuna.

Ina jin su. Ya kawo mata riga ce baƙa mai ɗinkin zare ja da kore da shuɗi, da 'yar hula mai tuntaye, ta jikarsa ce da ta girme ta. Naja tana ta sheshe, sheshe, godiyarsu ke nan. Sai na ji muryarsa ta canza zuwa tambaya, na ji ya taɓa kwalin. Daga baya ta gaya mini cewa ya yi, wannan hannu na wanda ya daɗe yana rubutu ne, wa ya yi shi, babanki ya dawo ne? Ba da wata manufa ya tambaya ba. So yake ya ga mutumin.

Babu mama a gidan da za a ce ya tambaya. Ina jin ɗigar famfo a bayana.

Sinancina na kasuwa ne, bai wuce kalmomin ciniki ba, amma abin da ta faɗa ko jariri ya gane shi. “Baba meyo,” ta ce. Meyo shi ne babu, kalmar da masu shago suke kora mu da ita. “Baba Feijo.” Baba yana Afirka. Na ce a raina shi ke nan, ta tsaya nan. Ba ta tsaya ba. Muryarta ta saki, ta ci gaba, tana yi tana dariya, dattijo yana amsawa yana dariya, suka daɗe. Ya yi sallama ya sauka a hankali yadda ya hawo.

Na fito. Tana tsaye da rigar a kafaɗa, fuskarta tana haske.

“Me kika ce masa?”

“Na ce kafin ka tafi ka rubuta. Na ce jiya ka bugo waya, ka ce ana ruwa a Kano, kuma ka saya mini 'yar akuya fara mai baƙin kunne, tana gidan kakata Hajiya tana jira na.”

“Wace akuya?”

“Babu ita mana, Baba. Don ya yarda ne.” Ta matso ta kama hannuna. “Na iya?”

Na taɓa jin tsoro a garin nan, na taɓa ganin an tare lungu gaba da baya ana duba fasfo, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan tambaya ba. Ba ta yi rawar murya ba, ba ta sunkuyar da kai ba. Jira take in yaba mata. Kuma don ni ta yi. In na ce ta iya, na rushe abin da na gina tun tana goye. In na ce ba ta kyauta ba, to me nake so ta ce, ga shi can a banɗaki? Na shafa kanta na ce ta je ta wanke hannu.

Da Hindatu ta dawo na gaya mata, na kuma gaya mata abin da na yanke: gobe da safe zan sauka da yarinyar wajen dattijon, ta gyara maganarta da bakinta.

“Malam, kana cikin hankalinka kuwa?”

“Musulmi ne. Zai rufa mana asiri.”

“Asirin a rufe yake, kai ne za ka je ka buɗe! Yarinya ta yi dabara ta cece ka.”

“Har da akuya, Hindatu. Mai baƙin kunne.”

“To sai me? Ni da nake cewa ka tafi gida kullum, tawa ba ƙarya ba ce? Ko tawa ba ta dame ka ba?”

Gaskiyarta ce. Ta zauna a bakin gado ta ce in na fita aka kama ni, wa zai karɓi yarinya in ta dawo daga makaranta, wa zai zauna da ita ranar jarrabawa, ita kaɗai a garin da ko gawa aka yi ba ta san inda ake kaiwa ba. Na ce mata babu abin da zai faru, sauka ce kawai da hawowa. Har ga Allah haka na zata.

Da safe na nemo takalmana a ƙarƙashin gado. Muka sauka matakala, hasken bakin lungu ya sa idona hawaye. Shagon babu kowa tukuna, dattijo yana yanka albasa. Na yi sallama. Ya ɗago, ya amsa rabi, wuƙar ta tsaya a hannunsa.

Na ce wa Naja ta faɗa masa. Ta faɗa, kanta a ƙasa, da 'yar ƙaramar murya: babanta bai tafi ko'ina ba, babu waya, babu akuya. Na ce ta gaya masa har da ɗaya maganar. Ta gaya masa Yunan ɗin tata wata ce daban, ta bakin wani teku mai nisa, wadda su suke kira Shila, ta miƙa masa rigarsa a ninke. Ya dubi rigar, ya ture ta wajenta da bayan hannu, ya ce ta riƙe, kyauta ba ta komawa. Wannan bai ɗauke shi da zafi ba, ko da yake na ga wani abu ya faɗi a fuskarsa. Ya leƙa waje, ya janyo ƙofar shagon ƙasa zuwa rabi, ya zauna. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma. Sannan ya yi magana, Naja tana juya mini guntu-guntu.

“Ya ce kowane mako masu kula da unguwa suna zuwa da ɗan sanda, suna tambayar masu shagon bakin lungu baƙin da suke ciki.”

“Na'am.”

“Ya ce suna tambayarsa kai. Yana cewa meyo. Ya ce da zuciya ɗaya yake faɗa, don haka ya sani.”

Dattijo ya nuna takardar izinin shagonsa da take rataye a bango, ya nuna hularsa, ya nuna sama.

“Ya ce shi ma baƙo ne a garin nan, in aka same shi da ɓoye mutum za a rufe shagon a mayar da shi. Ya ce kuma shi tsoho ne, ya kusa komawa ga Allah, bai saba rantsuwa a kan abin da ba haka ba. Ya ce, ɗan'uwa, jiya ba ni da kaya a kaina. Yau in sun zo me zan ce?”

Ban taɓa tunanin wannan ba, ko sau ɗaya. Na sauko ne in sauke wa 'yata kaya, ban duba kan wa zan ɗora shi ba. Romo yana tafasa a bayansa. Naja ta dube shi, ta dube ni, ta ga manya biyu sun rasa abin yi. Sai ta jawo hannun rigata, ta yi ƙasa da murya, da Hausa, don kada ya ji.

“Baba, in koya masa?”

Na tsuguna har fuskata ta zo daidai tata. Na ce a'a, uwata, kin gama naki. Na ce ta tambaye shi yaushe za su zo. Ya ce ba su da rana tsayayya, amma ba su cika wuce farkon mako ba.

“Ki ce masa ya faɗi abin da ya saba faɗa. Kafin su zo zai zama gaskiya.”

Ta fassara kafin ta gane. Ina kallon lokacin da ta gane.

Hindatu ba ta yi mini magana ba ranar, amma ita ta haɗa mini jaka, ta sa mini Alƙur'anina a sama. Ila ne ya raka ni ofishin shige da fice inda ake miƙa kai, tun daga tasi har ƙofa bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, 'yan'uwa kuma suka haɗa kuɗin tarar da aka nema. Aka tsare ni a wani ɗaki da mutane daga ƙasashe iri-iri, ba wanda ya wulaƙanta ni, kuma a can na fara ɗaga murya da karatu, don babu sauran abin ɓoyewa. Ina ciki aka yi bikin rufe zango. An ce Naja ta sa baƙar rigar a tsakiyar yara masu fararen zannuwa, malama ta ce ba ta ƙasar ba ce amma ta bar ta. Ban gani ba. Daga nan aka sa ni a jirgi, wasannin ma a Kano na tarar ana kallonsu a shagon mai shayi. Hindatu ta ƙarasa karatunta ita kaɗai, da wahalar da har yau ba ta gama ba ni labarinta ba, kuma lokacin da suka dawo Naja ta kai kafaɗata, tana jin kunyata kamar baƙo. Waɗannan shekaru ba a mayar mini da su ba, ban kuma sake taka ƙasar Sin ba.

Ta waya Hindatu ta gaya mini masu kula da unguwar sun zo, kamar yadda ya ce, mutum biyu da littafinsu. Tana saye a shagon a lokacin. Suka nuna benenmu suka tambaye shi. Dattijo ya ajiye ludayi, ya dube su ido cikin ido, ya ce meyo.

Allah Ya jiƙansa in ya riga mu, in yana raye Ya sa ya gama lafiya. Bai yi ƙarya ba.